Filin Amsa Tambayoyi: Yadda ake shimfiɗa kiristal a kan kiristal

Tun da na taɓo maganar faifan silikon, wanda ake ƙera ƙananan kayan lantarki a kansa, a fitowar da ta gabata saƙonni suke ta shigowa. Na ware guda biyar da suka faɗo a gaɓa ɗaya, ko da yake masu su ba su san juna ba. Biyun farko su ne ginshiƙin maganar, don haka a yi mini haƙuri, zan daɗe a kansu.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin fiziks ne, aji uku, a Zariya. An koya mana cewa ana tsirar da kiristal a kan kiristal, wai shi ne epitaksi. Na haddace don jarrabawa, amma ban gane ba. Dutse yana tsiro ne? Kuma tunda faifan silikon kiristal ne tun asali, me ya sa za a sake ɗora masa wani?

Amsa: Ɗana, kafin mu tafi Amurka ko Japan, je ka kasuwa ka sayo alif, wannan da ake jefawa a ruwa don dattinsa ya kwanta. Ka daka shi, ka riƙa zubawa a ruwan zafi kana motsawa har ya daina narkewa. Tsiyaye ruwan a kofin gilashi mai tsabta, ka bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar da 'yan duwatsu masu sheƙi a gindin kofin. Zaɓi wanda ya fi kyan siffa, ka ɗaure shi da siririn zare, ka tace ruwan a wani kofin, ka rataya shi a tsakiya yadda ba zai taɓa gefe ba. Rufe bakin da takarda, musamman in lokacin hunturu ne, don duk ƙurar da ta faɗa ciki iri za ta zama ita ma, ta riƙa janye rabon naka. Ajiye shi inda ba mai girgiza shi. Bayan mako ɗaya ko biyu ka ɗago zaren. Dutsen ya ƙaru, amma fuskokinsa nake so ka duba: sumul suke, kuma kowace tana nan a kusurwar da take tun yana ɗan mitsitsi. Ba wanda ya sassaƙa shi. Alif ɗin da ke narke a ruwa ne ya riƙa zuwa yana zama a jikinsa, kowace ƙwaya a gurbin da tsarin da ke ƙarƙashinta ya tanadar mata.

To ka ga abin da ake nufi da tsiro. Abin da ya mai da abu kiristal shi ne tsari, wato ƙwayoyin zarrarsa suna jere da tazara iri ɗaya daga wannan gefe har wancan. Ka ɗauka magini ne yake jera bulo. In layin farko ya miƙe, kuma bulon duka girmansu ɗaya, kowane sabon layi zai hau kan na ƙasa daidai, har gini ya kai inda za shi. Epitaksi shi ne a kawo faifan kiristal da aka goge fuskarsa, a riƙa sauke masa ƙwayoyin zarra a hankali, cikin zafin da zai ba su damar ɗan zagayawa a kan fuskar har kowace ta sami gurbinta. In aka yi gaggawa, ko zafin ya yi kaɗan, ko fuskar tana da datti, sai ƙwayoyin su daskare duk inda suka faɗi. Za a sami shafe a kan faifan, amma ba kiristal guda ba, kuma lantarki ba ya gudu yadda ake so a cikin irin wannan.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu. Shi faifan daga narkakken silikon yake fitowa. Ana narkar da shi a digiri 1414 cikin tukunyar dutsen kwaz, a tsoma ɗan irin kiristal a samansa, a riƙa juyawa ana jawowa sama sannu a hankali, har a sami sanda mai kaurin milimita 300. Hanyar tana ɗauke da sunan Jan Czochralski, mutumin Polan da ya gano ta fiye da shekara ɗari da suka wuce. Sai a yayyanka sandar faifai-faifai, kowane kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Kiristal ne mai kyau, ba shakka, amma yana da aibu biyu. Na ɗaya, tukunyar tana ɗan narkewa tana zuba masa iskar oksijin, kuma akan sami ƙananan ramuka a cikinsa. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, duk sinadarin da aka barbaɗa a tukunyar, boron ko fosfaras, zai game faifan ne daga sama har ƙasa. Shi kuwa mai ƙera taransista, wato ɗan makunnin lantarki, sau da yawa abin da yake so shi ne ƙasan ya sha barbaɗe sosai don lantarki ya wuce ba wahala, saman kuma ya sami kaɗan ƙwarai don ya jure matsin wuta. Tukunya ba za ta ba ka wannan ba. A 1960 Henry Theurer da abokan aikinsa a ɗakin bincike na Bell a Amurka suka nuna cewa in aka shimfiɗa siririn silikon mai tsabta a kan faifai mai barbaɗe da yawa, taransistar tana ƙara sauri kuma tana rage ɓarnar wuta. Daga nan abin ya zama sana'a.

Abin bai tsaya a silikon kan silikon ba. Ana iya sauya abin da ake saukewa ana tsakar aiki, a yi layi na wannan sinadari, a ɗora na wani, a sake komowa na farko, duk a cikin kiristal guda da bai yanke ba. Herbert Kroemer a Amurka da Zhores Alferov a Rasha kowane ya kawo tunanin a 1963 cewa in aka matse siririn layi tsakanin wasu biyu na daban, za a iya tsare ilaktaron da haske a cikinsa. Sun sami kyautar Nobel a 2000. Hasken lesa da ke gudu a wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, wanda ke kawo maka intanet, daga irin wannan shimfiɗar yake fitowa. Haka ɗan IC ɗin da ke ƙarfafa siginar wayarka kafin ta tafi eriya.

Hanyoyin yin aikin uku ne manya. Ta farko daga ruwa, 'yar'uwar gwajinka na alif, sai dai a can narkakken ƙarfe ne ruwan. An yi yayinta a shekarun 1960 da 1970. Ta biyu daga iskar gas: a ɗora faifai a kan tire mai zafi, a turo gas ɗin da ke ɗauke da sinadarin, zafi ya fasa shi, abin da ake so ya zauna, sauran ya wuce. Nau'inta da ake kira MOCVD, wanda Harold Manasevit ya fito da shi a 1968, shi ne ke ɗauke da masana'antar fitilun LED a yau. Ta uku ita ce ta fi burge ni, MBE, aikin Alfred Cho da John Arthur a ɗakin binciken Bell a ƙarshen shekarun 1960. Ana zuƙe iskar wata tukunyar ƙarfe har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na iskar da muke shaƙa ba. A cikinta akwai 'yan tandaye, kowane da sinadarinsa da murfinsa. In aka buɗe murfi, ƙwayoyin zarra su fito su miƙe zuwa faifai ba abin da ya tare su. In aka rufe, su tsaya nan take. Saurin aikin kamar layi ɗaya na ƙwayoyin zarra ne a daƙiƙa, maikuron ɗaya a awa, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Da za ka nemi kaurin gashin kanka da wannan saurin, sai ka yi wajen kwana uku kana jira. Kuma mai aikin yana iya ƙirga layukan suna sauka, don akwai ɗigon haske a allonsa da ke dusashewa ya dawo duk lokacin da layi ɗaya ya cika.

Tambaya: Oga, ni mai gyaran waya ne a Farm Centre a Kano. Yanzu ana kawo mana ƙananan caja masu ƙarfi an rubuta musu GaN, kuɗinsu ya fi na sauran. Wani ya ce mini abu ɗaya ne da na cikin ƙwan LED. Gaskiya ne, ko dabarar talla ce?

Amsa: Malam, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. GaN haɗin galiyom ne da naitirojin, kuma shi ne zuciyar kusan duk farar fitilar LED da ke shagonka, har da filashin bayan waya. Labarinsa ya cancanci a ba da shi, don a nan ne za a ga wahalar wannan aiki.

Jar LED ta samu tun 1962 a hannun Nick Holonyak. Rawaya da kore suka biyo baya. Shuɗiya ta gagara kusan shekara talatin, kuma in babu shuɗi ba a samun fari. An san GaN zai iya ba da shuɗin, to amma a kan me za a shimfiɗa shi? Ba a iya narkar da shi a ja sanda kamar silikon, don kafin ya narke yakan rabu, naitirojin ya gudu, sai dai in an haɗa masa zafi sama da digiri 2000 da matsi mai ninkin na iska sau dubbai. Dole aka nemi aron faifai, aka sami safaya, wani dutse mai daraja da ke jure zafi. Matsalar ita ce tazarar ƙwayoyin zarrar GaN ta saɓa da ta safaya da kusan kashi 16 cikin 100. Koma ga maginin nan: an ba shi bulo da girmansa ya bambanta da na layin ƙasa, yadda a kowane bulo shida ko bakwai sai ya kauce da guda cur. Tun 1969 masu bincike a kamfanin RCA suka shimfiɗa GaN a kan safaya, amma abin da ake samu a lokacin mai kaushi ne, duk tsaga da ramuka. Zuwa shekarun 1980 yawancin manyan kamfanoni sun haƙura, sun koma kan wani sinadarin.

Isamu Akasaki bai haƙura ba. Ya fara aiki a kan GaN tun 1973, ya koma Jami'ar Nagoya a 1981, inda wani ɗalibi mai suna Hiroshi Amano ya shigo ɗakin bincikensa. Amano da bakinsa ya ce ya gwada fiye da sau 1,500 bai samu ba. A 1985, yana ɗan shekara 24, ya yi abin da a ido kamar komawa baya ne. Maimakon ya fara da zafin digiri 1000 da GaN ke buƙata, sai ya rage wuta zuwa wajen rabin haka, ya shimfiɗa ɗan siririn layi na alminiyom da naitirojin, mai kaurin 'yan gomomin nanomita (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuron). A wannan zafin layin ba ya fitowa da kyau, kuma ba a so ya fito da kyau ɗin. Amfaninsa ya rufe safayar ko'ina, ya zama shimfiɗa mai sassauci. Da aka ɗaga wutar sai ya tsaru ya zama ƙananan iri masu yawa da suka fuskanci wuri ɗaya, GaN ya tsiro a kansu, ya bazu gefe-gefe har ya haɗe ya zama fuska guda. Da Amano ya ciro faifan ya gan shi garau kamar gilashi, ya ɗauka ya manta bai buɗe gas ɗin galiyom ba ne. Sai da ya duba da madubin ƙara girma ya tabbata kiristal ɗin na nan. Ni a ganina a duk tarihin fitilar nan babu ranar da ta kai wannan, don duk abin da ya biyo baya a kanta ya tsaya.

Saura ƙiris, amma ƙiris ɗin mai wuya. LED tana buƙatar ɓangare biyu, nau'in n mai rarar ilaktaron da nau'in p mai guraben da za su faɗa. Faɗawar ce ke fitar da haske. GaN nau'in p ya ƙi samuwa duk magniziyom ɗin da aka barbaɗa masa. A 1989 Akasaki da Amano suka gano cewa in aka harbe shi da ilaktaron yana farfaɗowa. Shuji Nakamura, injiniya a wani kamfani da ba a san shi sosai ba a lokacin, Nichia, a garin Anan na tsibirin Shikoku, shi ya gano dalili: haidurojin da ke fitowa daga amoniyar da ake turawa don ta ba da naitirojin ne ke maƙale wa magniziyom ya hana shi aiki. A 1992 ya nuna cewa gasa faifan a wajen digiri 700 cikin iskar naitirojin ya isa ya kore shi. Nakamura da hannunsa ya yi ta yanke bututu yana sake wa injinsa fasali, har ya kai ga turo gas ta hanya biyu, ɗaya a kwance ɗauke da sinadaran, ɗaya daga sama tana danna su kan faifai. A ƙarshen 1993 Nichia ta fito da shuɗiyar LED mai haske sosai, a 1996 kuma fara. Su ukun suka karɓi Nobel a 2014.

Tunda kana da madubi da kayan aiki a gabanka, ɗauki matacciyar tocila ka duba ƙwanta. Rawaya za ka gani. Wannan rawayar hoda ce da aka kwaɓa da danƙo, aikinta ta sha wani kaso na shuɗin hasken ta mayar da shi rawaya, haɗuwar biyun ce idonka ke gani fari. In ka sa tsinin allura ka ɗaga danƙon a hankali, za ka ga ɗan murabba'i garau da zaren ƙarfe biyu sirara fiye da gashi. Yawanci sukan tsinke, don haka tanadi ƙwai uku ko huɗu. In ka dace ba su tsinke ba, ba shi bolt 3 daga batir, za ka ga shuɗi tsantsa. Kada dai ka ƙura masa ido. Kusan duk kaurin ɗan murabba'in nan safaya ce, ba ta aikin komai sai ɗauka. GaN ɗin da ke samanta yawanci bai kai maikuron 10 ba. A cikinsa kuma inda hasken ke fitowa wasu layuka ne da aka sa wa indiyom, kowane nanomita 2 zuwa 3, wato kamar ƙwayoyin zarra goma a kan juna. Yawan indiyom ɗin ne ke yanke launi. In zafin tire ya bambanta da 'yan digiri kaɗan tsakanin tsakiya da gefe, launin ƙwayayen zai bambanta, shi ya sa masana'anta ke tantance su aji-aji kafin a sayar. Wani abin mamaki shi ne har yau kiristal ɗin cike yake da kaucewar layi, miliyan ɗari ko fiye a kowane murabba'in santimita, adadin da zai kashe jar LED nan take, amma shi yana haskawa a haka.

Ita kuwa caja, taransistar cikinta ce aka yi da GaN, galibi an shimfiɗa shi a kan faifan silikon don ya fi araha. Yana jure matsin wuta fiye da silikon nesa ba kusa ba, kuma yana kunnawa ya kashe da sauri ƙwarai. Duk lokacin da saurin nan ya ƙaru, taransifoma da ake buƙata tana ƙanƙancewa, shi ya sa caja mai wat 65 ta koma 'yar dunƙule. Fasahar gaskiya ce. Amma haruffa uku ba su da wuyar bugawa a jikin roba, kai ma ka sani. Ka auna abin da take bayarwa da mitarka, ka taɓa ta bayan rabin awa tana aiki, sannan ka yanke mata hukunci.

Tambaya: Malam, ni uwar gida ce daga Maraɗi. A kwali an rubuta ƙwan LED zai yi shekaru, amma namu wata uku ko huɗu sun mutu. Kiristal ɗin da kuke yabo ne ba shi da ƙarko?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da haƙuri, ɓarnar kuɗi ce kuma da ciwo. Amma sau da yawa kiristal ɗin ba shi da laifi. Kwamitin Nobel ma ya ambaci cewa LED na iya kai awa 100,000, alhali tsohon ƙwai mai zare awa 1,000 yake yi. Abin da ke mutuwa da wuri shi ne ɗan allon da ke gindin ƙwan, mai sauya wutar gida zuwa wadda LED ke sha. Akwai kafasita a ciki mai ɗan ruwa, zafi yana busar da ita, kuma wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi tana dukanta. Na biyu, wasu masu haɗawa sukan rage yawan ƙwayayen su tura musu wuta fiye da ƙima don hasken ya burge a shago, sannan su sa roba inda ya kamata a sa alminiyom mai janye zafi. Ƙwayayen a jere suke kan layi ɗaya, in ɗaya ta ƙone duka sun ɗauke. A sa yaro mai gyara ya cire farar hular bayan an sauke ƙwan daga wuta, sau da yawa za a ga ɗigon baƙi a kan ɗaya daga cikin rawayen. Ita ce ta mutu, sauran lafiyarsu lau.

Shawarata, ki zaɓi mai ɗan nauyi a hannu, kada a kulle shi cikin gilashin ado da iska ba ta shiga, kuma a ɗakin kwano a watan Afrilu gara ƙwai biyu masu matsakaicin ƙarfi da guda ɗaya mai ƙarfi sosai.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Gembu nake. Mu nan Mambila muna haƙo safaya. Na ji ka ce a kanta ake yin fitila. Ba za mu iya sayar wa masu yin LED kai tsaye ba? Ga kuma yashi har ya yi mana yawa a Arewa, ba da shi ake silikon ba?

Amsa: Alhaji, na so ƙwarai in ce maka e, amma gaskiya ita ce a'a, kuma gara ka ji daga gare ni kafin wani ya zo maka da takardun kwangila. Abin da ya sa safayarku take da daraja shi ne ya hana ta wannan aikin. Shuɗin nan nata daga ɗan ƙarfe da titaniyom da suka shiga jikinta yake, kuma ga mai epitaksi wannan datti ne. Shi faifai yake so mai faɗin inci 4 ko 6, fari garau, ba tsaga, kuma dubbai iri ɗaya sak. Ƙasa ba ta ba da haka. Tasu safayar a tanda ake yin ta, daga hodar alumina, wato haɗin alminiyom da oksijin, da ake narkarwa a wajen digiri 2050, a tsirar da curi guda mai nauyin gomomin kilo, wani ma ya haura ɗari. Ba sabon abu ba ne, tun 1902 Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana yadda ake yin irin wannan dutse a tanda. Kasuwar dutsenku ta masu ado ce, kuma a can inda na ga ana barin kuɗi a ƙasa shi ne wajen yanka da gogewa, da ake kai wa Tailan da Siri Lanka su yi.

Yashi ma haka. Silikon daga zaɓaɓɓen dutsen kwaz ake fitar da shi, a tandan lantarki mai cin wuta kamar me, sannan a mai da shi gas a tace, a sake mai da shi dutse, har dattin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin biliyan ba. Kuɗin yana cikin tacewar da wutar da ta ci. Dubi galiyom. Ba a haƙa ramin galiyom. Ɗan kaɗan ne a cikin bauksait, dutsen da ake samun alminiyom daga gare shi, ana tsamo shi lokacin da ake tace alumina. Gini, a nan Afirka ta Yamma, ita ta fi kowace ƙasa arzikin bauksait a ƙasa, amma kusan duk sabon galiyom na duniya daga Sin yake fitowa, don a can matatun suke kuma su suka sa injin tsamo shi. Da Sin ta sa takunkumin neman izini kan fitar da galiyom da jamaniyom a watan Agustan 2023, hankalin Turai da Amurka da Japan ya tashi. Wannan ya dame ni a matsayina na ɗan yankin nan, don dutsen namu ne yake fita da galiyom ɗin a cikinsa, ba a biya ko sisi a kansa ba. Af, wani abu game da galiyom: yana narkewa a ƙasa kaɗan da digiri 30, don haka a Sakkwato da bazara ruwa za ka same shi, ku kuwa a sanyin Mambila yana nan daskare.

Tambaya: Baba, ina shirin digiri na biyu a Kano, kuma wannan fannin nake so. Ana yin sa a ƙasar nan? Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi albarka, na ji daɗin saƙonki. Zan faɗa miki yadda abin yake. Injin MOCVD na masana'anta, irin na Aixtron a Jamus ko Veeco a Amurka ko AMEC a Sin, kuɗinsa miliyoyin daloli ne, kuma sayensa ne mai sauƙin. Yana son wutar da ba ta ƙyaftawa, don in ta ɗauke ana tsakar shimfiɗa aikin ranar ya tafi. Yana son haidurojin da amoniya masu tsananin tsabta a kai a kai. Ruwan sinadarin da ke ɗauke da galiyom da ake ba shi yana kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska, wani gas kuma mai suna asin da ake amfani da shi wajen wasu kiristal ɗin, kaɗan daga cikinsa yana kisa. Don haka wurin yana buƙatar ƙwararrun ma'aikata da na'urorin gano yoyo dare da rana.

Abin da za ki fi samu a jami'o'inmu shi ne shimfiɗa siraran layuka a kan gilashi, ta hanyar tsomawa a ruwan sinadari ko fesawa a kan faranti mai zafi. Ki sani wannan ba epitaksi ba ne, tunda gilashi ba shi da tsarin da za a bi, kuma kada ki yarda a rubuta haka a kundinki. Amma kada ki raina shi. A nan za ki koyi wanke faifai har ya tsarkaka, ki koyi riƙe zafi daidai, ki koyi rubuta kowane gwaji har waɗanda suka lalace. Ki dage ki iya karanta sakamakon na'urar XRD da kanki, ba ki aika samfur a dawo miki da hoto ki manna ba, don ita ce ke nuna ko ƙwayoyin zarra sun jeru ko ba su jeru ba. Ki riƙe darasin fiziks na daskararrun abubuwa da na zafi da kyau, ki koyi yadda famfon zuƙe iska ke aiki. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja tana da sashen kimiyyar kayan ƙira, ki duba su. Don digiri na uku ki nemi tallafin DAAD na Jamus ko MEXT na Japan, kuma kafin ki rubuta wa kowane farfesa ki karanta takardunsa biyu ko uku, ki tabbata ɗakin bincikensa yana da injin a ƙasa kuma ɗalibai ne ke kunna shi da hannunsu.